Daƙiƙa Sittin a Sanyin Jos

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

An zaɓe ni. Bari in sake rubutawa don daɗi: an zaɓe ni. Mutum biyu makarantarmu za ta tura gasar kimiyya ta 'yan sakandare a Shendam ran goma ga wata mai zuwa, kuma a duk aji biyar ni ce da Hosana Mwadkon. Mista Sylvester, malaminmu na kemistiri, shi ya karanto sunayen. Da gudu na taho gida tun daga Tina Junction, ban san ruwa ya jiƙa ni ba sai da Mama ta ce in cire hijabin kafin mura ta kama ni.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Ya ce, "Kausar za ta haɗa sinadarai, Hosana za ta yi bayani." Ba wanda ya tambayi dalili, don kowa ya sani. In'ina. Tun ina firamare harshena yake maƙalewa a kan harafi ɗaya, musamman in idanu sun yi min yawa. A littafin nan ne kawai ba na yi, shi ya sa na fi kowa surutu a cikinsa.

Ina so ni ma in yi bayanin, ko da rabi ne. To, na faɗa.

Laraba, 18 ga Yuni

Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Mista Sylvester ya nuna mana gwajin da za mu kai, wai agogon aidin ake ce masa. Kayan duk na kemis ne da na gida: ƙwayar bitamin C, aidin ɗin da ake sa wa ciwo, haidirojin mai kumfa na wanke rauni, sai sitacin guga. A kofi ɗaya ya narka bitamin C ya zuba aidin, nan take jan ya ɓace. A ɗayan ya sa haidirojin da sitaci. Ya juye su wuri ɗaya ya rungume hannu. Shiru, ruwa yana nan yadda yake. Hosana ta ce, "Sa, abin ya mutu ne?" Bai kula ta ba. Kafin in ƙifta ido ruwan ya koma shuɗi mai duhu, kusan baƙi, duka lokaci guda. Wallahi sai da na yi tsalle na buga gwiwata a benci. Har yanzu wurin yana min zafi, kuma ban damu ba.

Ga yadda abin yake. Haidirojin yana fito da aidin a hankali, bitamin C kuma yana lamushe shi da ya leƙo. Sai bitamin C ya ƙare ƙaf sannan aidin yake samun sararin haɗuwa da sitaci, launi ya bayyana. A hanya na ce ai wannan Mama ce a gaban tanda ranar Asabar. Tana kwashe masa muna cinyewa, faranti fayau kamar ba a suya, sai mun ƙoshi yake fara cika.

Juma'a, 20 ga Yuni

Na tare Mista Sylvester a ƙofar lab, ɗakin gwajinmu. Ban san sau nawa na yi "s-s-s" ba kafin "Sa" ta fito. Abin da nake so da shi, in yana jiran mutum sai ya yi ta kallon allin da ke hannunsa, ba ya kafe ka da ido. Na ce ina so in yi magana a gasar.

Ya jujjuya allin a hannunsa. Can ya ce, "Ba wai ban yarda da kanki ba ne. Firinsifal ce, kofin gasa take so." Sai kuma ya ce, to, tsakanin juye ruwan da canjin launi ai akwai jira. Hosana ta gabatar da mu, ta juye, jiran ya zama nawa. Jimla huɗu, da Turanci, in gama kafin ruwa ya juya, in nuna kofin in ce "yanzu". Ran uku ga Yuli zan gwada a gaban Firinsifal sau uku a jere. In ruwan ya riga ni ko sau ɗaya, Hosana za ta karɓa.

Daɗin abin, jiran a hannuna yake, don in ka ƙara bitamin C yana ƙara tsawo. Mun tsayar da shi a daƙiƙa sittin. Hosana a daƙiƙa sha biyar za ta karanto jimlolin nan, har ta sami rarar tambayar alƙalai lafiyar iyali. Ni sittin ɗin ma sai da addu'a.

Litinin, 23 ga Yuni

Raina a ɓace yake. Da safe kafin asambali mun gwada, sittin da biyu. Bayan tashi mun sake, arba'in da huɗu. Ina tsakiyar jimla ta uku ruwa ya yi baƙi yana kallona. Sirinji ɗaya, ƙwaya ɗaya, komai ɗaya, in ban da hannun Hosana da ba ya zama wuri guda. Tana awo tana ba ni labarin kwayar cocinsu. Na ce mata ita ce take ɓata awon. Ta ce, "Abeg, ni ban yi komai ba fa. Kai ka auna da kanka mana."

Gobe ni zan auna.

Talata, 24 ga Yuni

Ni na auna. Safe sittin da ɗaya, yamma arba'in da shida. Hosana ta tsaya a gefe tana ta fito.

Alhamis, 26 ga Yuni

Na gano! A'a, in za a faɗi gaskiya, mun gano, kuma mitar Hosana ce ta fara. Da safe tana wanke kofuna ta ce, "Wannan ruwa kamar daga firij, yatsa na zai faɗi." Da yamma kuwa na ɗauko jarkar da kaina daga bakin taga inda rana ta yi ta dukanta tun sha biyu, sai na ji ta da ɗan ɗumi. Na tsaya da jarka a hannu kamar wadda aka dasa. Na ruga wurin Mista Sylvester, bakina ya ƙi, sai na kama hannun rigarsa na kai shi gaban kabad ɗin da yake kulle ma'aunin zafi. Guda ɗaya tak makarantar ke da shi, na gilas, yana lallaɓa shi kamar ƙwai.

Ruwan jarka digiri ashirin da biyar. Ruwan bokitin da ya wuni a lungu ashirin. Muka gwada da na lungun, sittin daidai. Na yi ihu, Hosana ta yi ihu, mai gadi ya leƙo ya ga ko wani abu ne ya fashe.

Mista Sylvester yana ta murmushi. Ashe ya sani tun ranar Litinin, ya bar mu muna cin naman juna. Na ba Hosana haƙuri. Ta ce sai da masa biyar za ta haƙura.

Asabar, 28 ga Yuni

Na zauna ina ba Mama labari tana wanke shinkafa, ina ta zuba kamar ni na ƙirƙiro zafi. A gida in'inata da sauƙi, don Mama ba ta taɓa gaggauta ni ba. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Shi ne kike ta wannan rawar kai? Me kike tsammani ya sa nake naɗe robar ƙullu da bargo in ajiye ta kusa da murhu in damina ta yi nisa? In na bar ta a tsakar gida, sai azahar ba ta tashi ba."

Na ce, Mama, ai kemistiri kike yi. Ta ce, "Masa nake yi. Miƙo min matacin can."

Na ji kunya kaɗan, amma daɗin ya fi yawa. Yau duk inda na duba abin nake gani. Madarar da ke yin tsami in an bar ta a rana, miyar da ke kwana lafiya a firij, sikarin da ke saurin bin shayi mai zafi (wannan narkewa ce kawai, Mista Sylvester zai ce in bambance, amma bari in ji daɗina).

Litinin, 30 ga Yuni

Mun yi jerin gwaji a zafi daban-daban. Hosana ta kawo ƙanƙara a fulas daga gidansu, ni na kawo ruwan zafi a namu.

Digiri goma, minti biyu da 'yan kai, har muka gaji da kallo. Ashirin, sittin. Talatin, talatin da ɗaya. Arba'in kuwa ko gyara tsayuwa ban gama ba, sha shida. Wato duk ƙarin digiri goma, jira yana raguwa kusan rabi. Mista Sylvester ya ce kada mu riƙe shi kamar doka, ƙiyasi ne, akwai haɗin da ba ya bin haka. Amma namu ya bi, kuma na zana layin a takarda ya fito da lanƙwasa mai kyau, na yi ta kallonsa kamar hoton sallah.

Dalilin shi ne ya fi burge ni. Ƙwayoyin da ke cikin ruwan, waɗanda ido ba ya gani, ba a zaune suke ba, yawo suke yi suna karo da juna. Kuma ba kowane karo ne yake haifar da wani abu ba, sai mai ƙarfi. Zafi yana sa su gudu, karo ya yawaita, amma babban abin shi ne masu ƙarfin su ne suke ƙaruwa sosai. Hosana ta ce kamar barandar ajinmu ce. Da safe kowa ya takure cikin suwaita, ko an gogi kafaɗa ba abin da ke faruwa. In an kaɗa ƙararrawar tashi kuwa, karo ɗaya littattafai sun watse. Yarinyar nan tana da kai, bakinta ne yake rufe shi.

Shawarar da muka yanke: ba ruwan zafi, ba na ƙanƙara, ba na bakin taga. Ruwan ɗaki kawai, wanda ya zauna a inuwa. Shi ne mai ba ni sittin ɗina.

Laraba, 2 ga Yuli

Mun yi faɗa. Ina maimaita jimlolina na maƙale a kan wata kalma, Hosana ta ƙarasa min. Na sake, ta sake ƙarasawa. Na ajiye takardar na fita. Ta biyo ni bayan lab tana cewa taimako ne. Na daɗe kafin in iya gaya mata, amma na gaya mata: in mutum ya ƙarasa min magana, ji nake kamar ya ɗauke min kwano ina cikin ci. Na san kalmar. Ba mantawa na yi ba, fitowa ce take yi a hankali.

Ta saurara har na kai aya, abin da ban taɓa gani ba. Sannan ta ce, "Na rantse, ko za ka kai gobe a kan harafi ɗaya, ba zan sa baki ba." Na ce za mu gani.

Gobe Firinsifal.

Alhamis, 3 ga Yuli

Sau uku, kuma duk na riga ruwan. Na farko da rarar daƙiƙa tara, na biyu shida, na uku ina cewa "yanzu" yana juyawa kamar ni na umarce shi. Firinsifal ta cire tabarau ta ce, "To, ba laifi." Daga bakinta wannan kirari ne. Mista Sylvester ya juya yana goge allon da ba komai a kai.

Ni zan yi magana a Shendam. Ni. A gaban alƙalai.

Mama ta ce sannu ba ta hana zuwa, ta ƙara min nama a miya.

Litinin, 7 ga Yuli

Mista Sylvester ba zai bi mu ba. Ranar ce 'yan aji shida suke gwajin jarrabawar fita, dole ya tsaya, ma'aunin zafin ma dole ya tsaya tare da shi. Malama Lai'atu, mai koya mana Hausa, ita za ta raka mu. Ya kira mu a tsaitsaye, kansa ya yi zafi da shirin jarrabawa, ya ce, "Kun san komai, ko?" Na ɗaga kai da ƙarfi. Me za mu yi da ma'auni? Ruwan ɗaki ne, na haddace shi.

Na rubuta a takardar da za mu miƙa wa alƙalai, da babban baƙi: launi zai canja bayan daƙiƙa sittin.

Laraba, 9 ga Yuli

Na goge yunifom sau biyu. Ruwanmu na Jos za mu tafi da shi a robobi, kada na can ya ba mu matsala, har da kayan gwaji na biyu saboda tsaro. Ban taɓa wuce Mangu ba a rayuwata. Mama ta ce in sa safa biyu, fitar asuba ce. Jimlolin nan huɗu na faɗa wa madubi, na faɗa wa akuyar maƙwabta, na faɗa wa tukunya. Ba na jin akwai mai farin ciki irina a duk unguwarmu ta Rikkos.

Alhamis, 10 ga Yuli

Mun dawo lafiya. Ba zan iya rubutu yau ba, sai gobe.

Juma'a, 11 ga Yuli

To. Daga farko.

Mun bar Jos ana yayyafi, kowa cikin suwaita, Hosana har da hular sanyi. Bayan mun wuce Panyam hanya ta fara gangara, kunnuwana suka toshe. Na cire suwaita. Can na cire safa ɗaya, can na cire ɗayar. Kafin mu shiga Shendam hijabina ya manne min a wuya. Malama Lai'atu tana ta mana dariya, ta ce, "Ku 'yan Jos kun ɗauka duniya duk firij ce." Na yi dariya ni ma. Na ji maganar da kunnena, na yi dariya, ban ɗauki komai ba, saboda kaina cike yake da jimla huɗu. Duk lokacin da na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Makarantu goma sha tara, mu ne na sha huɗu. Zauren rufin kwano ne, mutane maƙil, kowa yana fifita da takarda. Malama ta ce a bar kayanmu a but ɗin mota a kulle har a kira mu, kada wani ya ture. Motar kuwa a rana take tsaye tun ƙarfe goma.

Wajen ɗaya da rabi aka kira mu. Muka jera kofuna, Hosana ta auna komai, ta gaishe da alƙalai da wannan muryar tata ta 'yan kwaya. Na miƙa hannu in gyara kofin haidirojin, sai na ji shi da ɗumi kamar ruwan wankan jariri. A nan komai ya faɗo min lokaci guda. Ruwan ɗaki. Ɗakin wa? Na buɗe baki in ce ta dakata, harafin ya tsaya min a maƙogwaro, ita kuwa ta riga ta juye.

Na fara. Me zan yi in ban fara ba? Na gama jimla ta ɗaya, ina kan kalma ta uku a ta biyu, na ji zauren ya ce "laaa". Ruwa ya yi baƙi ƙirin. Daƙiƙa ashirin da ɗaya. Wasu suka tafa, wasu suka yi dariya, ni kuma ina tsaye da rabin kalma a baki. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba. Ƙasa ta ƙi tsagewa.

A cikin alƙalan akwai wata dattijuwa mai furfura da tabarau a kan hanci. Ta ɗaga takardarmu ta ce, "Nan kun rubuta sittin. Agogona ya ce ashirin da ɗaya. Wa ya yi ƙarya, ku ko ruwan?"

Na kalli Hosana. Ta san amsar sarai, na ga kalmomin sun cika mata baki har kumatunta sun kumbura. A raina ina roƙonta ta karya rantsuwar nan, wallahi da na yafe mata. Sai ta kama leɓenta da haƙori, ta ja da baya taku ɗaya, ta bar ni da lasifika.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a kan kalmar farko ba. Wani yaro a baya ya kwaikwaye ni, na ji shi. Dattijuwar ba ta juya ba, ta dai ajiye bironta ta jingina da kujera kamar wadda ba ta da wurin zuwa. Kalmar ta fito. Na ce ba wanda ya yi ƙarya. Na ce a Jos muka auna, inda ruwan da ya zauna a ɗaki yake digiri ashirin, kuma mun manta cewa ɗakin Jos daban, ɗakin Shendam daban. Na ce in akwai mai ma'aunin zafi a ba ni aro. 'Yan teburin kusa da mu suka miƙo nasu, na tsoma shi a ruwanmu. Talatin da biyar. Na ɗaga shi sama na ce ƙarin goma yana raba jira biyu, ƙarin sha biyar zai mayar da shi wajen kashi ɗaya cikin uku, kuma kashi ɗaya cikin uku na sittin ashirin ne. Dattijuwar ta kalli agogonta, ta kalli alƙalin da ke kusa da ita.

Ta ce, "Me ya sa zafi yake yin haka?" Na faɗa mata. Gudun ƙwayoyi, karo, ƙarfin karon, har da barandar Hosana. Ba ko ɗaya da na haddace. Na maƙale ya fi sau ashirin, gumi yana shiga min ido, amma duk inda na maƙale sai in tsaya a wurin har ta fito. Da na lura, zauren ya yi tsit, masu fifita ma sun rage.

Ta ce, "Za ki iya dawo min da sittin ɗin?" Na ce in da ƙanƙara. Ban rufe baki ba Malama Lai'atu ta tattare zani ta fita da gudu, Malamar da ko aji ba ta saurin shiga. Sai ga ta da mai sayar da zoɓo a bakin ƙofa, sun kinkimo kular ƙanƙararta su biyu. Muka tsoma robobin gwaji na biyu a ciki, ina riƙe da ma'auni ina kallon layin yana sauka, talatin, ashirin da biyar, ashirin da biyu. A ashirin na ce a cire. Hosana ta juye.

Wannan karon ba wanda ya yi bayani. Wani ne ya fara ƙirga da ƙarfi, sai duk zauren ya ɗauka, har mai zoɓo. Arba'in, ruwa garau. Hamsin, garau. A hamsin da bakwai ya juya. Ihun da aka yi sai da kwanon rufi ya amsa, Hosana ta rungume ni har ta kusa karya ma'aunin mutane.

Mun zo na huɗu. Ba kofi. An cire mana maki saboda takardarmu ta saɓa da gwajin farko, kuma mun wuce lokacin da aka ba mu. Gaskiya ne, ba zan ce an zalunce mu ba. A mota Hosana ta nuna min wayar Malama, ashe ta danna agogo lokacin da na fara amsa. Minti huɗu da daƙiƙa goma ina magana. Ta ce, "Ka san wahalar da na sha? Leɓe na har ya yi jini."

Litinin, 14 ga Yuli

Firinsifal ta kira mu ofis. Ta ce na huɗu ba laifi, amma da an bi tsarin farko wataƙila da yanzu kofi yana kan teburin nan. Ta faɗa tana kallon tebur, ba ni ba. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Kafin in haɗa amsa Hosana ta ce, "Ma, da ni ne a gaba, da ruwa ya yi baƙi zan gudu har Jos da ƙafa." Ƙarya take, ba inda za ta gudu, amma na bar ta.

Mista Sylvester ya ce laifinsa ne, shi ya kamata ya tuna mana. Na ce a'a, Sa, nawa ne, ni na rubuta sittin da babban baƙi. Ya sa na tsaya gaban 'yan ajinmu na ba su labarin kuskuren, wai ya fi darasin da zai koyar. Na yi. An yi dariya a wurin safa biyu.

Laraba, 16 ga Yuli

Ba wani abin rubutawa yau. Ruwa tun safe. Jarrabawar ƙarshen zango saura kwana biyar, ban taɓa lissafi ba.

Na hau keke mai ƙafa uku daga Tina Junction. Ban taɓa rubuta wannan ba ko a nan, amma shekara uku ke nan ba na sauka a bakin layinmu sai in wani fasinja ya tsayar a kusa. In ba wanda ya tsayar, sai in yi shiru a wuce da ni har inda wani zai sauka, in dawo da ƙafa, in ce wa Mama tafiyar nake so. Yau mu uku ne a baya, ba mai sauka. Da muka zo wajen mai faci na ji bakina ya buɗe. "M-m-mai keke, a-a-a tsaya nan." Kafin ta gama fita mun wuce gida biyu. Ya tsaya, na sauka. Tsohon da ke gefena ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba.

Ba wani abu ba ne. Ruwa ake yi, ba na son in jiƙe. Mama ta kalli agogo ta ce yau na dawo da wuri, na ce mata hanya ce ba cunkoso.